An Tura Ka Bukkuyum: Ka Tare, Ko Ka Yi Jeka-Ka-Dawo?

Ranar da ƙanena ya shigo gida da takardar canjin wurin aiki, ko sallamar kirki bai yi ba. Ya miƙa wa Inna takardar kamar ita ce za ta karanta, ya nemi bakin tabarma ya zauna. Shekara shida yana koyar da lissafi a wata sakandare a Gusau, ga shi yanzu an tura shi cikin garin Bukkuyum. Yana da mata da 'ya'ya biyu, babbar tana aji biyu na firamare. Kafin a kira la'asar gidan ya rabu biyu. Inna da matarsa suna gefe guda, Kawu yana ɗaya gefen, shi da ya yi malanta a Gummi tun Zamfara na cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a yanke ta a 1996.

Babu wanda ya ce kada ya je. Aikin gwamnati ya yi wuyar samu, kuma wanda ya ƙi zuwa inda aka tura shi ya buɗe ƙofar da za a kore shi, domin dokokin aiki sun sa ƙaurace wa aiki ba izini cikin manyan laifuffuka. Abin da aka yi ta ja a kai shi ne: ya kwashi iyalinsa ya tare a can, ko ya bar su a Gusau ya riƙa tafiya Litinin yana dawowa Alhamis ko Juma'a? Tambayar da ke gaban malaman makaranta ke nan, da ma'aikatan jinya, da na kotu da na ƙananan hukumomi, duk wanda aka ce da shi ga Anka, ga Gummi, ga Bukkuyum.

Inna ce ta fara. "Shi da yake namiji shi tahi shi dawo, Allah shi tsare," in ji ta. "Amma jikokina suna nan wurina. Ba a zuba ƙwai duka cikin kwando guda a hau jaki da shi."

Wanda zai ce tsoron tsofaffi ne kawai bai san ƙasar ba. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga sun bi ƙauyukan Anka da Bukkuyum kwana da kwanaki suna kashe mutane suna ƙona gidaje. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce adadin ya kusan 200. Tun kafin wannan, garin Anka ya cika da 'yan gudun hijira, har wasu suka yi sansani a filin ginin sabuwar fadar Sarkin Zamfara da ba a kammala ba. Ita kuwa uwar 'ya mace, sunan Jangebe kaɗai ya ishe ta: ɗalibai 279 aka kwasa daga makarantar 'yan mata a Fabrairun 2021, kuma Jangebe tana ƙasar Talata Mafara ne, maƙwabciyar Anka. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Matar ƙanena ba ta tsaya kan bindiga ba, hujjarta ta yau da gobe ce. Idan haihuwa ta zo da gardama cikin dare, a Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, mintuna kaɗan a Keke Napep. A can kuwa, in abin ya fi ƙarfin asibitin gari, sai a ce a wuce Gusau ko Sakkwato, a kan hanyar da babu direban da zai yarda ya hau bayan magariba. Ta tuna mana watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da mai a jarka. A Gusau aka fara maido da sabis. Ƙananan hukumomi sun daɗe a cikin duhu. Ta ce ba za ta iya zaman da mahaifiyarta za ta yi makonni ba ta ji muryarta ba.

Akwai kuma wata hujja da ba a cika faɗa a gaban iyaye ba, sai a majalisar abokai. Ɗan albashi a ƙaramin gari fitila ne a cikin duhu. Kowa ya san ranar da alat ke shigowa, kowa ya ga lokacin da ya tsaya wurin mai POS. Masu garkuwa da mutane ba duba suke yi ba, labari ake kai musu, kuma da ɗan gari akan ci gari. Albashin da bai kai ƙarshen wata ba, a idon infoma dukiya ce. Idan aka ɗauki mutum kuwa, kuɗin fansa a kan danginsa yake faɗawa, a sayar da gona, a sayar da fili, a bi masallatai da takardar neman taimako.

Sai batun ci gaba a aikin kansa. Wanda ke kusa da hedikwata shi ke fara jin labarin bita da jarrabawar ƙarin girma, shi ke leƙa ofis ya ga inda fayil ɗinsa ya maƙale. In yana son ƙaro karatu, ga Jami'ar Tarayya ta Gusau a bakin ƙofa. Wanda ya tare a Bukkuyum, abokansa na cewa, an shafe shi ke nan: ya nuna zai iya zama, don haka babu mai gaggawar dawo da shi. Wannan magana tana da ɗaci, amma na ga inda ta tabbata.

Kawu ya bar su suka gama, yana jan carbinsa. Sannan ya dubi ƙanena.

"Kai malamin lissafi ne ko? To lissafa mini. Zango nawa a shekara?"

"Uku, Kawu."

"Mako nawa a zango?"

"A ce sha biyu."

"Zuwa da dawowa kowane mako, sau nawa ke nan ka hau hanyar Mayanchi?"

Ƙanena ya yi shiru, sannan ya ce, "Saba'in da biyu."

"In ka zauna can, sai hutu kake zuwa gida hwa?"

"Shida."

"To mi kake gudu, garin ko hanyar?"

A nan ne gardamar ta juya, a ganina. Mun saba ɗaukar Gusau a matsayin tudun mun tsira, Bukkuyum kuma bakin kura, mu manta da abin da ke tsakaninsu. Mai zuwa yammacin Zamfara daga Gusau zai bi titin Sakkwato har Mayanchi, ya karya zuwa Anka, daga nan ya miƙa ta hanyar da ke zuwa Daki Takwas da Gummi, mai zuwa Bukkuyum ya ratse. Tsakanin gari da gari akwai dogayen wurare da babu kowa sai daji da gonakin da aka daina nomawa. Duk wanda ke sauraron labaran jihar nan ya san sau nawa ake jin an tare hanya. Matasa takwas masu shirin yi wa ƙasa hidima da aka sace a Agustan 2023, daga Akwa Ibom suka taso za su Sakkwato. Ba su kwana a ƙauyen kowa ba, a cikin mota aka same su a kan titin Zamfara, kuma na ƙarshensu sai da ya shafe kusan shekara a hannu. Mai jeka-ka-dawo yana kai kansa wurin da haɗarin ya fi yawa sau biyu a mako, a ranakun da kowa ya sani, a sa'ar da kowa ya sani. Infoman da ake gudu a gari, shi ma ya san motar malamai ta safiyar Litinin.

Ga kuma aljihu. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi bai sauko ba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, amma ƙaramin ma'aikaci da zai biya mota sau takwas a wata, ya biya hayar gida a Gusau, ya kama ɗaki a wurin aiki, ya ɗora tukunya biyu, shi da albashin sai dai su gaisa a hanya. Kawu ya ce a zamaninsa abin da ya riƙe shi a Gummi fadama ce. Gulbin Zamfara ya bi ta ƙasar nan ya bar mata albarka. Malamin da ya zauna yakan samu aron gona, ya yi shinkafarsa da damina, ya taɓa noman rani, buhun hatsi ya zo masa a farashin gona. Na ce masa, "Kawu, wancan zamani ne. Yanzu wasu garuruwan sai an biya 'yan bindiga haraji kafin a yi shuka ko girbi." Ya amsa cewa gaskiya ne, amma gonar bakin gari daban, ta cikin daji daban, kuma ko bai yi noma ba, mudun gero a can bai kai na Gusau tsada ba.

Hujjarsa ta ƙarshe ita ce wadda ta fi yi masa zafi, domin malami ne har yanzu a ransa. Wanda ya iso Litinin da azahar a gajiye, ya fara haɗa jaka Alhamis da hantsi, kwana nawa ya koyar? Biyu da rabi. Yaran Bukkuyum da na Gusau kuwa takarda ɗaya WAEC da NECO za su ba su. Haka abin yake a asibiti: cuta ba ta san Juma'a ba. A nan na tuna da 2010, shekarar da gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Sunke da 'Yargalma. Maza na haƙo duwatsun zinariya, a kawo gida a daka a niƙa a tsakar gida, ƙurar ta bi ƙasa, yara masu rarrafe su kai hannu baki. Tawagar likitocin MSF da ke bin diddigin sanƙarau ce ta ci karo da lamarin a watan Maris, bayan an riga an binne yara da yawa. Ƙauyen Bagega da gubar ta shafa ma sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa, bayan matasa sun yi ta matsa wa gwamnatin tarayya ta saki kuɗin. Ba ina ɗora wa wani ma'aikaci laifin wannan ba ne. Abin da nake cewa shi ne, sabbin ƙananan kaburbura a bayan gari, mazauni ke fara lura da su. Haka ma yaron da ya daina zuwa aji ya koma ramin zinariya, malamin da ke sallah a masallacin unguwarsu shi zai tare ubansa bayan isha'i. An hana haƙar ma'adinai a jihar a Afrilun 2019, aka ɗage hanin a Disambar 2024, ramukan kuwa ba su taɓa daina janye yara daga aji ba.

Kawu har da misalin manya ya kawo. Ya ce Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi yana Babban Jojin Babban Birnin Tarayya ya bar kujerar a 2013 ya dawo gida ya zama Sarkin Gummi. Matar ƙanena ta ce, cikin ladabi, "Kawu, ai shi Sarki da dogarai da 'yan sanda yake tafiya." Aka yi dariya, har shi Kawun. Misalin bai ci ba, kuma ya san bai ci ba.

To ni ina na tsaya? Na fi karkata ga Kawu, amma da sharuɗɗan da shi bai kawo ba.

Kalmar "Bukkuyum" a takardar ofis tana iya nufin abu biyu. Akwai garin, hedikwatar ƙaramar hukuma, mai fadar sarki da ofishin 'yan sanda da jami'an tsaro da jama'a mai yawa. Akwai kuma ƙauyen da ke ƙarƙashinta, wanda daga titi sai an hau kabu-kabu an yi tafiya mai nisa a cikin daji, in damina ce a tsallake ruwa. Kisan Janairun 2022 a ƙauyuka aka yi shi, kuma mutanen ƙauyukan manyan garuruwa suke gudowa. Wanda aka tura cikin garin Anka ko Gummi ko Bukkuyum, lissafin Kawu ya hau kansa daidai. Wanda aka tura ƙauyen da mutanensa da kansu suke kwana a daji, ban ga malamin da zai ce masa ya kai mata da yara can ba. Shi sai dai ya zauna a babban garin da ya fi kusa, ya riƙa shiga da rana tare da mutanen wurin, in abin ya ƙi ya rubuta wa na gaba da shi a takarda, ya ajiye kwafi.

Ɗan ƙasa da baƙo ma ba ɗaya suke ba. Wanda ke da dangi a Gummi yana da masu gaya masa "yau kada ka fita". Baƙo sai ya gina wannan da hannunsa: ya kai gaisuwa wurin mai unguwa da liman, ya kama haya a tsakiyar gari cikin jama'a, ya guji sabon gini a bakin gari komai arharsa, ya rage fankama da sabuwar waya da sabon babur. Mace ma'aikaciyar jinya ko ungozoma kuwa nata lissafin ya fi wuya, domin sau da yawa ba ita kaɗai ke yanke shawarar inda za ta kwana ba, kuma ɗakin haya ga mace ita kaɗai a ƙaramin gari yana zuwa da surutun da namiji bai san shi ba.

Akwai hanya ta uku da babu wanda ya ambata a tsakar gidanmu, ko da yake kowa ya san ta. Mutum ya je ya kai takardar kama aiki, ya daidaita da wani ya riƙa sa masa hannu a rajista, ya dawo Gusau ya buɗe shagon caji ko ya ja Keke, ƙarshen wata ya raba albashin da mai rufa masa asiri. Tantancewar da gwamnatin jiha ta yi ta fito da ma'aikatan bogi sama da 2,000 a 2025, kuma mai yin haka ɗan'uwan bogi ne, mai suna da fuska. Shi ne ke sa mutanen ƙauye su daina kai yara makaranta da mata asibiti, tun da sun san ƙofa a rufe take. Ina fahimtar tsoron da ke kai mutum ga haka. Ban yarda cewa tsoron ya halatta masa kuɗin ba.

Sai dai kafin a zagi ma'aikaci a tambayi wanda ya tura shi. A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoban 2020, Shugaba Buhari ya yi alkawarin alawus na musamman da gidaje masu sauƙin kuɗi ga malaman karkara. Ƙarin shekarun ritaya zuwa 65 ya zama doka a 2022. Gidajen kuwa, a je makarantun yammacin Zamfara a ƙirga kwatas ɗin malamai da ke da rufi da ƙofa. Shirin tura ungozomomi karkara da aka fara a 2009 ya ɗora wa ƙananan hukumomi samar da masauki da wani kaso na alawus, kuma rashin cika wannan na cikin abin da ya raunana shi a jihohi da dama. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa har da hatsarin da ya sami mutum a hanya tsakanin gidansa da wurin aiki, amma ni dai ban taɓa zama da malamin da ya ce ya ga wannan kuɗi ba. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a ƙarshen 2023, an kuma ga gyaran azuzuwa. Aji mai sabon fenti yana buƙatar malamin da ya kwana a garin.

Ko wane ɓangare mutum ya bi, hanyar nan sai ya hau ta, don haka ga abin da direbobin layin suka koya mini. A shiga mota a cikin tasha, inda 'yan kamasho suka san direba, a bar ta bakin titi ko da ta fi arha. Kada a yi sammakon asuba, a bari rana ta ɗaga motoci su fara fitowa daga ɗaya ɓangaren; in direba ya ga an daɗe babu mota mai tahowa, ya tsaya a gari na gaba, fasinja kuma kada ya matsa masa. La'asar ta yi wa mutum a inda zai kwana. Kada a sanar da ranar tafiya a majalisa, mutum ɗaya a gida da mutum ɗaya a wurin aiki sun isa, kuma a riƙa sauya ranar. Katin shaidar aiki a ajiye shi cikin kaya, a share saƙonnin banki daga waya. Da damina kuma a ji tsoron ruwa kamar yadda ake tsoron daji: a Agustan 2024 ambaliya ta ci gidaje masu yawa a Gummi, a watan Satumba kuma kwale-kwale ɗauke da manoma ya kife a gulbin garin, mutane da dama suka rasu. Jirgin da ya cika a bar shi ya tafi, hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Ƙanena bai bi Inna duka ba, bai bi Kawu duka ba. Zangon farko ya tafi shi kaɗai, ya kama ɗaki a gidan wani dattijo kusa da masallacin Juma'a, ya zo gida sau biyu kacal. Da hutu ya yi, ya ce wa matarsa ta zo ta gani da idonta. Ta je ta yi mako guda, ta dawo ta ce za ta tare da ƙaramin, amma babbar ta zauna wurin Inna saboda makaranta. Inna ta ce ta yarda, da sharaɗin kullum bayan magariba a kira ta.

Ran da suka tashi na raka su tasha. An ɗaure katifa da buhun kwanuka a bayan wata tsohuwar Golf, yaron yana kan cinyar uwarsa yana cin ƙosai. Direba ya ƙi tayar da mota har sai da ta farko daga Gummi ta shigo, ya je ya leƙa ta taga suka yi magana ƙasa-ƙasa da abokin aikinsa, sannan ya dawo ya ce, "Bismillah, ku shiga." Ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna wayar Inna ta yi ƙara. Ta ɗauka, ta saurara, ta ce "Alhamdu lillahi", ta ajiye. Sannan ta juya ta tambayi Kawu ko sati nawa ya rage a yi hutu.